Wa'azin Dare na 11: Rumman, Amfaninsa da Haƙƙinsa



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin rairayi, Ya tsirar da itatuwa a tsakanin duwatsu, Ya ciyar da mu ba don wayonmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu, na cikin garin Agadas, da na ƙauyuka, da na cikin duwatsun Abzin, da duk inda muryar nan ta kai, muna yi muku barka da shan ruwa. Allah Ya karɓi abin da ya gabata na azuminmu, Ya ba mu ikon cika abin da ya rage.

Mun jinkirta karatun da muka yi niyya a daren nan saboda wata tambaya da ta zo mana. Wata baiwar Allah ce ta aiko. Ta ce maigidanta yana da hawan jini, ya shekara biyu yana shan ƙwayar magani. Ana gobe azumi ya ji wani mai talla da lasifika a kasuwa yana sayar da wani gari a leda, yana cewa garin ɓawon rumman ne, wai Annabi ya ce wanda ya sha shi ba ya buƙatar likita. Maigidan ya saya, ya ajiye ƙwayarsa, yau kwana goma ke nan. Yanzu yana kukan ciwon ƙeya da jiri. Tana tambaya: shin maganar mai tallan nan gaskiya ce?

Kafin komai, ga amsa a taƙaice, domin rai ba ya jiran ƙarshen wa'azi. Maganar nan ba ta Annabi ba ce. Maigidanki ya koma kan maganinsa, kuma gobe da safe, in Allah Ya kai mu, a kai shi a auna jininsa. In kuwa cikin dare kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to kada a jira safiya.

To, yanzu sai mu zauna mu yi maganar rumman ɗin kansa, domin shi ba shi da laifi. Ni'ima ce babba, kuma saboda girmanta ne maƙaryata suke raɓewa a jikinta.

Mu fara da abin da babu shakka a cikinsa. Allah Ya ambaci rumman da sunansa sau uku a cikin Littafinsa mai girma: sau biyu a Suratul An'am, sau ɗaya a Suratur Rahman. A wuri na farko cikin An'am, Ya jera shi tare da dabino da inabi da zaitun, Ya umurce mu da mu dubi ɗan itacen lokacin da ya fito da lokacin da ya nuna. A wuri na biyu Ya halatta mana cinsa, Ya haɗa da ba da haƙƙinsa ranar girbi, Ya kuma hana ɓarna. A cikin Rahman kuwa Ya lissafa shi daura da dabino a cikin abin da Ya tanadar wa bayinsa a Aljanna. Malaman tafsiri suka ce an ware waɗannan biyu da suna, bayan an ambaci kayan marmari gaba ɗaya, domin a nuna darajarsu, kamar yadda aka ware Jibrilu da Mika'ilu bayan an ambaci mala'iku. Wasu kuma suka ce ai dabino marmari ne kuma abinci, rumman marmari ne kuma magani.

Ku lura da umurnin farko: dubawa kafin ci. Wanda ya taɓa fasa rumman da natsuwa ya san dalili. Daga waje ɓawo ne mai kauri kamar jemammiyar fata, da ɗan kambi a kansa. In ka tsaga, sai ka tarar da ɗakuna, kowane ɗaki an raba shi da ɗan'uwansa da farin labule mai bauri, a cikinsu ga ƙwayoyi ɗaruruwa jere kamar murjani, kowace ƙwaya da salkarta ta ruwa, ba wadda ta fasa maƙwabciyarta. Wane ne ya jera su? Mai garka ya zuba ruwa ne kawai a gindi.

Mu kuwa mutanen Agadas ba labarin wannan aya muke ji ba, da idonmu muke ganinta. Tafiyar sama da kilomita 200 arewa da nan, a cikin duwatsu, ga Timiya. Wanda ya je ya san yadda abin yake: ka wuni cikin baƙaƙen duwatsu da ƙura, sai kawai ka gangaro ka ga kore shar a bakin kori, ga dabino, ga lemu, ga inabi, ga rumman yana lilo a reshe. Dattawa sun tuna yadda ake ban ruwa da takarkart, kamar yadda Abzinawa ke kiranta, inda sa ko raƙumi yake ta kai da komo yana jawo guga daga rijiya tun asuba. Sun kuma tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane da yawa da suka gaji ayarin Bilma da Fashi suka rasa raƙuman ɗaukar gishiri, suka duƙufa a kan garka. Yau injin ban ruwa ya yawaita, amma shi ma mai yake sha, kuma mai da kuɗi ake sayensa. Itacen rumman yana jure zafi da ƙarancin ruwa fiye da lemu, sai dai in an bar shi da ƙishirwa sannan aka tuttula masa ruwa gab da nuna, sai ƴaƴan su tsage a kan reshe. Saboda haka duk rumman da ka gani lafiyayye a kan tebur a kasuwar Agadas, ka sani wani ya yi tsayuwar watanni a kansa, sannan mota ta yi ta jijjiga da shi a kan hanya mai wuya. Da ba don kaurin ɓawon nan ba, da bai iso ba.

Alhazanmu sun ga irinsa na Ɗa'ifa ana sayarwa a Makka. Musulmi kuma sun kai iri mai kyau daga Sham zuwa Andalus tun zamanin Abdurrahman Ad-Dakhil, har yau birnin Garnaɗa da hoton rumman yake yin tambarinsa. Wato abin da ake tinƙaho da shi a manyan birane, Allah Ya dasa mana shi a bayan gida.

Sai mu zo ga hadisi, inda mai lasifika ya yi ta'adi. Akwai ingantaccen ambaton rumman a cikin Sunna. Imam Muslim ya ruwaito, a cikin dogon hadisin Nawwas ɗan Sam'an, Allah Ya yarda da shi, cewa a ƙarshen zamani, bayan saukowar Annabi Isa, albarka za ta komo ƙasa har jama'a guda su ƙoshi da rumman ɗaya, su sha inuwa a ƙarƙashin ɓawonsa. An kuma ruwaito cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito ya tarar ana jayayya a kan ƙaddara, ya yi fushi, har mai ruwaya ya kamanta jan fuskarsa mai albarka da ƙwayar rumman da aka fasa. Amma maganar da ta yaɗu a bakin mutane, cewa kowane rumman yana da ƙwaya ɗaya daga Aljanna, malaman hadisi ba su inganta ta daga Annabi ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekara ta 751 bayan Hijira, ya kawo ta a cikin Zadul Ma'ad, ya nuna ta fi kama da maganar Ibnu Abbas. Batun kuwa a ce mai shan garin ɓawo ya wadatu daga likita, wannan ba mu gan shi a ingantacce ba, ba mu gan shi ko a mai rauni ba. Kishiyarsa ce ta tabbata, domin Annabi ya umurci bayin Allah da su nemi magani. Kuma ya yi gargaɗi mai tsanani, wanda sahabbai masu yawa suka ruwaito, cewa mai yi masa ƙarya da gangan wuta ce makomarsa. Ya kai mai talla, in kana saurarenmu, jaka nawa ka samu da har za ka sayi wannan da ita? Ka sayar da hajarka da sunanka. Ka bar sunan Manzon Allah.

Me malaman ɗibbu na da suka faɗa? Ibnul Ƙayyim ya raba rumman gida biyu, kuma rabon yana da amfani har yau. Mai zaƙi, in ji shi, yana da kyau ga ciki da maƙogwaro da ƙirji, yana sauƙaƙa tari, yana tausasa ciki. Mai tsami kuwa yana ɗaurewa, yana tsayar da zawo, yana kwantar da amai. Ya kuma kawo abin da aka jingina wa Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, na kwaɗaitar da cin rumman tare da farin labulen nan nasa, domin yana jeme ciki. Mu da muke garin dukawa da majema mun fahimci wannan kamance. Baurin da ke cikin bagaruwa, wanda yake ɗaure fata ya hana ta ruɓewa, danginsa ne yake cikin ɓawon rumman. Shi ya sa iyayenmu mata suke busar da ɓawon su ajiye. Ku lura dai, waɗannan malamai ba su ce wahayi suke faɗa ba. Abin da likitocin zamaninsu suka gwada suka gani shi suka rubuta, kuma kowane amfani da suka ambata sun bi shi da wanda zai cutar da shi.

Mu ba mu yi karatun likita ba, a zaure muka yi namu, saboda haka muka bi umurnin tambayar ma'abota sani, muka zauna da likitoci Musulmi na garin nan. Abin da suka gaya mana bai saɓa wa na magabata ba, ya ƙara masa awo ne. Suka ce a cikin kashi 100 na ƙwayar rumman, wajen kashi 78 ruwa ne, wajen kashi 14 sukari ne irin na ƴaƴan itace. Yana da bitamin C, wanda ke taimakon dasashi da warkewar rauni, da bitamin K, da wani gishirin jiki da suke kira fotasiyam, wanda zuciya da tsoka suke buƙata. Tsakin da ke cikin ƙwayar, wanda wasu suke tofarwa, ciki ba ya narkar da shi duka, kuma shi ne yake tura abin da ke cikin hanji. Wannan magana ce ga mai azumi, domin mun san abin da ke damun mutane da yawa a watan nan: ƙarancin ruwa, yawan soye-soye, sai ciki ya ɗaure, basir ya tashi. Wanda ya samu rumman ya tauna har tsakin, ya bi da ruwa. Suka ce kuma jan launin nan da baurin nan suna ɗauke da sinadarai dangin waɗanda ke cikin ganyen shayi, waɗanda ake ganin suna taimakawa wajen kare jijiyoyin jini.

Muka tambaye su hawan jini kai tsaye. Suka ce haƙiƙa an gwada, an ga masu shan ruwan rumman a kai a kai jininsu yana ɗan sauka. Ɗan sauka, jama'a. Kamar mutum ne gidansa ya kama wuta, maƙwabci ya kawo buta ɗaya. Butar alheri ce, a gode masa, amma ba a sallami masu tulu saboda ita ba. Hawan jini kuwa ciwo ne mai tafiyar sanɗa. Mutum yana jin kansa garau, sai dare ɗaya ɓarin jiki ya shanye. Mun yi wa mutane salla waɗanda haka ta same su, mun kuma ziyarci waɗanda suka rayu suna kwance, ƴaƴa suna juya su.

Wani kuskure kuma da suka gyara mana, mu ma da muna cikinsa. Mutane suna ganin ruwan rumman ja kamar jini, sai su ce yana ƙara jini. Sinadarin ƙarfe da jiki yake gina jini da shi kaɗan ne a cikin rumman. Ya fi yawa a hanta da nama da wake da ganye irin zogale. Abin da rumman yake yi shi ne, bitamin ɗin nan nasa yana taimakon ciki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye in an haɗa su. Saboda haka mai jego ko mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa, a ba ta rumman, amma a ba ta nama, kuma ta sha abin da aka rubuta mata a wurin awo.

Akwai waɗanda za su yi hattara. Mai ciwon sukari ya sani zaƙin rumman sukari ne. Ya ci ƙwayar kaɗan, ya nisanci matsattsen ruwansa kofi-kofi, domin in an matse an zubar da tsakin, sukarin yana shiga jini da sauri. Mai ciwon ƙoda, da wanda yake shan maganin tsinka jini, su tambayi likitansu tukuna. Mai gyambon ciki kada ya fara da mai tsami a kan wofin ciki. Mafi hatsari shi ne saiwa da ɓawon itacen. Tun da can ana dafa su don kashe tsila da tsutsar ciki, kuma suna kashewa, amma abin da yake kashe tsutsar guba ne. In ya zarce awo yana kawo amai da jiri, yana taɓa gani. Kada a ba mace mai ciki, kada a ba yaro. Garin da ke cikin leda kuwa, wa ya san ɓawon ɗa ne ko na saiwa, ko ma wani abu dabam aka daka? Sannan iyaye mata, ku ji wannan da kyau. In yaro yana zawo, abin da yake kashe shi ƙarewar ruwan jikinsa ne. A fara da ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi likita. Kada a wuni ana dafa ɓawo har idon yaro ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa.

Wajen buɗa baki, Sunna ta riga ta tsara: ɗanyen dabino, in babu busasshe, in babu ruwa. Ba mu canza wannan da rumman ba. Wurinsa bayan Magariba ne, ko bayan Asham. Kuma muna ganin ya fi lemon kwalba da rinannen ruwan leda da suka cika mana faifan buɗa baki, waɗanda ba komai cikinsu sai sukari da launi. Azumi yana zagaya shekara, yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, saboda haka wani azumin yana dacewa da kakar rumman, wani yana saɓa mata. In babu shi, ko ya yi tsada, kada wanda ya ci bashi saboda wa'azinmu. Lemu, kankana, tumatir, ruwan tsamiya, zoɓo maras yawan sukari, duk ni'imomin Allah ne.

Sai haƙƙi, wanda ayar An'am ta haɗa shi da ci. A mazhabarmu, Imam Malik ya faɗa a cikin Muwaɗɗa cewa babu zakka a kan ƴaƴan itatuwa irin rumman da ɓaure, kuma haka muka karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid tun muna yara. Sai dai in mai garka ya sayar, kuɗin ya kai nisabi, shekara ta zagayo a kansa, to zakkar kuɗi ta hau shi. Imam Abu Hanifa yana ganin akwai zakka a kan abin da ake nomawa na marmari da ganye, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne, rabin haka in da wahalar rijiya aka shayar. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, shi kuwa babban malamin Malikiyya ne na Andalus, a nan ya rinjayar da maganar Abu Hanifa saboda wannan aya. Mu fatawarmu a kan maganar Malik take. Amma muna gaya wa masu garka: wasu magabata irin su Mujahid sun fassara haƙƙin nan da abin da ake miƙa wa miskinin da ya halarci girbi, ban da zakka. Rashin wajabci ba ya nufin ƙulle ƙofar garka. Wanda ya tsage a reshe, wanda kasuwa ba za ta karɓa ba, ai da ya ruɓe gara maraya ya ci. Mai kyau ma a fitar, domin Allah ba Ya son a zaɓo masa mummuna.

Ku kuma ƴan kasuwa da dillalai, mai garka yana da haƙƙi a kanku. Shari'a ta hana sayen ƴaƴan itace a kan reshe kafin nunarsu ta bayyana. Wasu suna jira sai mutum ya shiga matsi, kuɗin mai ya ƙare, ko iyali ba lafiya, sai su saye garkar tana ɗanya da farashin wulaƙanci. An kuma hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su shigo kasuwa su san farashi. Da can ayarin raƙuma ake tarewa, yau mota ake tarewa a bayan gari, hukuncin bai canza ba. Kuma wanda ya jera manya masu sheƙi a saman kwali, ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ya tuna Annabi ya taɓa cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus.

Ke baiwar Allah da kika aiko da tambaya, Allah Ya saka miki da alheri, domin kin yi abin da ya kamata. In za ku tafi gobe, ku tafi da sauran garin a ledarsa, ku nuna wa likita. Ku roƙe shi ya tsara wa maigidanki lokacin shan ƙwayarsa tsakanin buɗa baki da sahur. In ya ce jikinsa ba zai ɗauki azumi ba a yanzu, to ya sha, ya rama in ya samu sauƙi, Allah ne Ya ba marar lafiya wannan rangwame, kuma babu kunya a karɓarsa. Ki yi masa magana da laushi, kada ki ce ai ga shi har a rediyo an faɗa. In kuma kin samu rumman na Timiya a kasuwa, ki saya masa guda, ki ɓare masa a kwano bayan Asham.

Gobe, in Allah Ya yarda, za mu koma inda muka tsaya a babin abubuwan da suke karya azumi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sanya albarka a rijiyoyinmu da garakenmu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya ciyar da mu daga rumman na Aljanna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.